Faifai da Bakandamiya: Matsalar Ma'aunin Fifiko Tsakanin Kiɗan Rok da Waƙar Baka ta Hausa

1.0 Gabatarwa

Abin da ya haifar da wannan takarda wata tambaya ce da wani ɗalibinmu ya yi mana a ajin adabin baka, a kwalejin horon malamai inda muke koyarwa. Ɗalibin, wanda mutumin ƙasar Kiru ne, ya zo da wani jeri a cikin wayarsa, wanda mujallar nan ta Amurka mai suna Rolling Stone ta buga, na faya-fayai 500 da ta ce sun fi sauran daraja tun da aka fara ɗaukar waƙa. Kaso mafi tsoka a cikinsu na kiɗan rok ne, watau kiɗan nan na jita mai aiki da lantarki da ganguna, wanda ya ɓullo a Amurka a shekarun 1950, ya kuma bunƙasa a can da Ingila a shekarun 1960 da 1970. Tambayarsa ita ce, in da za a yi wa Hausa irin wannan jeri, wane faifai ne zai zo na ɗaya? Har mun buɗe baki za mu ce Shata, sai muka tuna Shata sunan mutum ne. Muka ce Bakandamiya. Ya ce wacce daga ciki, domin shi kaɗai yana da guda uku a wayarsa, kuma babu wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta. A nan muka rasa ta cewa.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa ma'aunin da ake auna faya-fayan rok da shi ya dogara ne a kan wani abu da waƙar baka ta Hausa ba ta gada ba, watau aikin da aka kammala aka rufe. Za mu kuma nuna cewa Hausawa suna da nasu ma'aunin fifiko, wanda kalmar bakandamiya ta ƙunsa. Maganar tana da muhimmanci domin ɗalibanmu na yau su ne malaman firamare da sakandare na gobe. Duk jerin da suka fita da shi daga hannunmu shi za su koyar, kuma makaɗin da jerin ya tsallake yana cikin haɗarin a manta da shi.

Mun dogara ne a kan sauraren ɗauka daban-daban na waƙoƙin da za mu ambata, da kuma hirarrakin da muka yi da masu saurare a Kwanar Dangora da wasu garuruwan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a lokutan da muke zagayen duba ɗalibai masu gwajin koyarwa.

2.0 Faifan Rok da Abin da Ake Aunawa a Cikinsa

Kafin shekarar 1948, faifan garmaho mai juyi 78 a minti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa biyar a kowane gefe. A wannan shekara ce kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai mai ɗaukar minti 20 ko ɗan fiye da haka a kowane gefe. Da farko makaɗan rok sun ɗauki dogon faifai tamkar buhu, inda ake zuba waƙoƙin da suka riga suka yi kasuwa a cike da wasu. Sai a tsakiyar shekarun 1960 suka soma kallonsa a matsayin aiki guda, mai farko da tsakiya da ƙarshe, kamar littafi.

Misalin da aka fi kawowa shi ne faifan ƙungiyar Beatles mai suna Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band, wanda ya fito a 1967. Waɗannan samari huɗu 'yan Liverpool sun daina yawon wasa a gaban jama'a a watan Agusta na 1966, suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin EMI a Landan, suka shafe fiye da wata huɗu suna ɗora murya a kan murya da kiɗa a kan kiɗa, har aka sami sautin da mutum huɗu ba za su iya fitarwa a dandali ba. Waƙoƙi 13 ne a ciki, su suka jera su yadda suke so, aka kuma buga baitocin a bayan bangon faifan. Haka ƙungiyar Pink Floyd ta yi a faifanta The Dark Side of the Moon na 1973, wanda ya buɗe da bugun zuciya ya rufe da shi, waƙoƙin kowane gefe suna shiga cikin juna ba tare da an tsaya ba.

Daga nan za mu gane cewa mai tarken faifan rok abu uku yake aunawa:

(a) tsayayyen matani, wanda kowa a duniya zai ji iri ɗaya a duk lokacin da ya saurara;

(b) yadda waƙoƙin suka haɗu suka ba da jigo ko yanayi guda;

(c) gwanintar aikin da aka yi a ɗakin ɗaukar murya.

Ya kamata mu lura da wani abu game da shi kansa jerin. A bugun 2003 faifan Beatles ɗin nan ne na ɗaya, faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On na 1971 kuma yana na shida. Da mujallar ta sake tattara ƙuri'u a 2020, bayan ta faɗaɗa masu zaɓen, sai na Marvin Gaye ya hau na ɗaya, na Beatles ya gangaro na 24. Ba a ƙara ko baiti ɗaya a cikin faya-fayan biyu ba a tsakanin shekarun nan 17. Masu saurare ne suka sauya. Daɗin daɗawa, faifan Marvin Gaye, wanda ya yi magana a kan yaƙin Biyetnam da talauci da halin baƙar fata a biranen Amurka, ba ma a rukunin rok ake sa shi ba. Ashe ke nan jeri irin wannan tarihin kunnuwan masu zaɓe ne a wani zamani. A bugun 2020 akwai wani faifan Fela Anikulapo Kuti na 1975 da wani na King Sunny Ade, amma babu na Bahaushe ko ɗaya. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, kuma dalilin ya wuce rashin sanin da masu zaɓen suka yi wa kiɗanmu.

3.0 Yadda Waƙar Hausa ta Shiga Faifai

Makaɗin Hausa na gargajiya yana yin waƙa ne domin wani zama: fada ranar salla, ko naɗin sarauta, ko biki, ko dandalin dambe, ko gona. Waƙar tana da gindi, wanda 'yan amshi suke komawa gare shi, da kuma ɗiya, waɗanda jagora yake ƙarawa ko ragewa ko sauya musu wuri gwargwadon abin da zaman ya kawo. In wani mai hali ya shigo ya yi kyauta, sanƙira ya sanar, sunansa ya shiga waƙa a nan take. In wani ya saɓa wa makaɗi a makon da ya wuce, habaicinsa ya sami gurbi. Ɗandatti Abdulƙadir, a kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata wanda ya gabatar a Jami'ar Indiyana a 1975, ya yi bayanin wannan hali na mawaƙin baka mai shirya waƙa a lokacin da yake rera ta. Saboda haka abin da na'ura take kamawa zaman rana ɗaya ne daga cikin zama masu yawa.

Kowace na'ura kuma ta bar tabonta a jikin waƙar. Faifan garmaho ya tilasta wa makaɗi ya taƙaita waƙar da a fada za ta ɗauki tsawon hantsi zuwa mintoci kaɗan. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya tara muryoyin makaɗa da yawa ya kai su ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba, amma a ɗakin ɗauka babu taron da zai zuga makaɗi. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma yaɗu a ƙasar nan a shekarun 1970, ya ba da damar ɗaukar zaman biki yadda yake. Sai dai sau da yawa mai sayar da kaset ne yake zaɓen waƙoƙin da zai haɗa, ya jera su yadda za su cika gefe, in fili ya ƙare waƙa ta yanke a tsakiyar ɗa. Ko dogayen faya-fayan da kamfanoni irin su EMI suka buga wa Shata da Ɗan Maraya, galibinsu tarin waƙoƙi ne da kowacce take da nata tarihi daban.

Wannan gado yana nan har yau. Kwanar Dangora mararraba ce a kan hanyar Kano zuwa Zariya, inda hanyar Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa ta rabu ta nufi Saminaka da Jos. Direbobi suna yada zango a wurin, akwai kuma samari masu sana'ar tura waƙoƙi a katin waya. Mun zauna a rumfar ɗaya daga cikinsu fiye da sau ɗaya. Mai saye yakan ce a zuba masa Shata, ko Ɗanƙwairo, ko ya ambaci waƙa da sunanta ko da sunan wanda aka yi wa. Ba mu ji wanda ya nemi tsohon makaɗi da sunan faifai ba. Wani dattijon direba da muka zanta da shi ya rarrabe mana Bakandamiyar Shata kashi-kashi, wannan ta rediyo ce, waccan ta gidan biki, ya ce ya fi son wadda ake jin hayaniyar jama'a a cikinta domin a nan ne Shata ya fi sakin jiki. Wannan mutum tarke yake yi, kuma abin da yake aunawa ya bambanta da abubuwa ukun da muka lissafa a sama.

4.0 Bakandamiya a Matsayin Ma'auni

A wurin masu sauraren waƙar baka, bakandamiya ita ce waƙar da makaɗi ya fi ji da ita, wadda ya tara ƙwarewarsa a cikinta ya ƙalubalanci abokan sana'arsa. Akwai masanan da suka fassara kalmar da bulalar fatar dorina, ma'anar da ta dace da aikin da waƙar take yi wa abokan hamayya. Ta bambanta da faifan rok ta fuska biyu. Na farko, makaɗi ne yake ɗaga ta, jama'a kuma su tabbatar ko su ƙi a tsawon shekaru, ba a jiran ƙuri'ar rana ɗaya. Na biyu, ba a rufe ta. Tana girma tare da mai ita, sai ranar da ya rasu ne take tsayawa.

4.1 Ibrahim Narambaɗa

Narambaɗa makaɗin kotso ne na fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Babban turken Bakandamiyarsa yabon ubangidansa ne, amma abin da ya ɗaukaka ta shi ne yadda ya mai da ita kanta waƙar abin magana, ya tsaya yana bayanin sana'arsa da fifikonsa a cikinta, sa'an nan ya dawo kan sarki ba tare da zaren ya tsinke ba. Zambo da habaici suna zuwa a ƙunshe, mai saurare sai ya yi tunani kafin ya gano inda aka dosa. Haka kuma 'yan amshinsa ba maimaita gindi kawai suke yi ba. Sukan karɓi zance daga bakinsa su ƙarasa, har ya zama jimla ɗaya ta fito daga bakuna da yawa. Irin wannan aiki yana bukatar a shirya waƙa a gida a haddace, shi ya sa waƙoƙin fada suka fi sauran kusa da tsayayyen matani. To, amma ɗaukar da ta iso gare mu tsohuwa ce, tana da shakuwa da ƙara, wasu kalmomin Sakkwatancin ma sai an maimaita kafin a kama su. In aka sa ma'auni na (c), wannan waƙa ba za ta ko shiga jeri ba.

4.2 Mamman Shata Katsina

Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya rasu a 1999, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya bi wata hanya daban. Amshinsa gajere ne, ba ya sauyawa, kalangai suna riƙe da awo, shi kuma yana da 'yancin ya kai zance duk inda ya ga dama. A Bakandamiyarsa babu wani ubangida sai shi kansa. Ƙarfinta yana cikin sauƙin harshe da iya ajiye magana a daidai inda kiɗa yake jiranta, da ba'a wadda take sa kirarin kai ya zama abin dariya maimakon abin ƙi. Rauninta kuma daga wannan 'yanci ya fito. A wasu ɗauka akwai ɗiyan da jerin sunaye ne kurum, waɗanda suka yi ma'ana ga mahalarta wannan zama, amma ga mai saurare na yau sun zama nauyi. Mai tarke na gaskiya dole ya faɗi wannan. Dole kuma ya yarda cewa babu ɗauka guda da za a nuna a ce ita ce Bakandamiyar Shata. Sai an jera su an kwatanta ne ake ganin abin da yake tsaye da abin da yake yawo, kuma a wannan tazara ne gwanintarsa take.

4.3 Muhammadu Bawa Ɗan'anace

Waƙar da Ɗan'anace ya yi wa ɗan damben nan Shago jama'a ne suka ɗauke ta a matsayin bakandamiyarsa. Zuga ce ta dandali, aikinta ta sa namiji ya shiga fage. Amma ya kamanta gwaninsa da mutuwa, ya bi wannan kamance har waƙar ta zama tunani a kan ajali da ƙarewar ƙarfi. Mutanen da ba su taɓa zuwa kallon dambe ba suna sauraren ta saboda wannan. A nan muna ganin wata alama ta bakandamiya, watau waƙa ta wuce dalilin da aka yi ta dominsa.

5.0 Inda Ma'aunin Faifai ya Yi Aiki

Ba za mu yi adalci ba in muka ce ma'aunin faifai ba shi da gurbi sam a kiɗan Hausa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa, ba 'yan amshi, kuma da yawa daga cikin fitattun waƙoƙinsa ba su rataya a kan wani ubangida ba. Waƙar Karen Mota da Jawabin Aure da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali kowacce tana da jigo ɗaya da take bi daga farko zuwa ƙarshe. A Jawabin Aure ma yakan sauya murya ya zama miji ya zama mata, tamkar ƙaramin wasan kwaikwayo. Irin waɗannan waƙoƙi sun zauna daidai a faifai, kuma da za a tara su a jere za su ba da hoton rayuwar talakan birni. Shi ne makaɗinmu na wancan zamani da ya fi kusa da abin da masu jerin rok suke nema.

Akasin haka ita ce Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Kiɗan amada na cikin gida ne, na ƙwarya da taron mata, kuma rabin ma'anar waƙoƙi irin su Sakarai Ba Ta da Wayo yana cikin guɗa da shewa da martanin matan da suke wurin. In aka raba ta da taron aka tsabtace sautin, an rage ta.

Tun daga shekarun 1990 kuma, da bunƙasar finafinan Hausa da kiɗan fiyano, mawaƙan zamani suna shiga ɗakin ɗauka su fitar da albam mai suna da ranar fita. Waɗannan ana iya auna su da ma'aunin faifai ba tare da an zalunce su ba, domin in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Akwai ma misali daga maƙwabtanmu. Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita daga Jamhuriyar Nijar, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a 2008, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya kamar yadda ake yi a Kwanar Dangora. Da ya fitar da Afrique Victime a 2021 ta hannun wani kamfanin Amurka, masu tarken rok suka karɓe shi hannu biyu. Gwanintarsa ta daɗe, amma sai da ya zuba ta a mazubin da suka sani suka iya auna ta.

6.0 Waɗanda Jeri Zai Bari a Waje

Mai karatu zai lura cewa makaɗan da muka ambata daga ƙasashen Sakkwato da Katsina da Jos suke. Babu ko ɗaya daga Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, yankin da muka yi hirarrakinmu. Wannan ba ya nufin ƙasar ba ta da makaɗa. Ƙasar noma ce, kuma inda ake gayya akwai gangar noma, kowane barden manomi da takensa. Akwai masu talle na mafarauta, da dundufar maƙera, da kalangun mahauta, ga waƙoƙin gaɗa na 'yan mata da na daɓe da na niƙa. Ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka buga a 1971 ya isa shaida a kan yawan ire-iren kiɗan da suke wajen fada. Abin da ya raba waɗannan makaɗa da su Shata shi ne nisa daga fada da birni da makirufon rediyo.

A wani ƙauye na ƙasar Tudun Wada mun sami wani tsohon makaɗin noma wanda gangarsa take rataye a zaure. Ya ce rabonsa da a kira shi gayya ya daɗe, domin yanzu da maganin feshi ake kashe ciyawa, sauran aikin kuma ƙwadago ne ake biya. 'Ya'yansa ba wanda ya gaje shi. Da muka yi masa tambayar ɗalibinmu, bai ambaci Shata ba. Ya kira sunan wani makaɗin noma da ya rasu tun yana saurayi, ya ce duk ƙauyukan kewaye sun yarda babu kamarsa, ya kuma rera mana ɗan abin da ya tuna. Ba a taɓa ɗaukar muryar wannan mutum ba. Haka injin niƙa ya ɗauke waƙar niƙa, siminti ya ɗauke ta daɓe. Duk jerin da aka gina a kan abin da na'ura ta kama zai nuna wa ɗalibi ɗan Kiru cewa ƙasarsa ba ta taɓa haifar gwani ba, alhali na'ura ce ba ta zo ba.

7.0 Shawara da Matsayinmu

Wani zai ce to a bar jera makaɗa gaba ɗaya, tun da al'adar aro ce. Ba mu yarda da wannan ba. Makaɗan Hausa sun daɗe suna gasa da juna, sarautu irin su Sarkin Kiɗa da Sarkin Taushi shaida ne a kan cewa fada tana fifita wani a kan wani, gardamar wa ya fi wa kuma tsohuwar hira ce a majalisun dattawa. Abin da muke nema shi ne a yi fifikon da mudun da ya dace. Muna ba da shawara kamar haka:

(a) abin da za a auna ya zama waƙa tare da dukkan ɗaukar da aka samu tata, a rubuta wuri da lokaci da dalilin kowace ɗauka in an san su;

(b) a fara kwatanta makaɗi da 'yan rukuninsa, na fada da na fada, na sana'a da na sana'a, na mata da na mata, kafin a tsallaka;

(c) a duba sarrafa harshe, da dacewar murya da kiɗa da amshi, da kuma ɗorewar waƙa bayan wanda aka yi wa ita da zaman da aka yi ta sun shuɗe;

(d) kada a rage wa waƙa daraja saboda munin ɗauka;

(e) kwalejoji su sa ɗalibai masu gwajin koyarwa a ƙauyuka su ɗauko muryar makaɗan da suka rage, da izininsu, tare da yi musu ihsani, tun da wayar da take aljihun kowane ɗalibi ta isa wannan aiki.

Tun da mun zargi kanmu da yin shiru a aji, ya wajaba mu faɗi matsayinmu a nan. Mafi yawan waɗanda muka zanta da su a Kwanar Dangora Shata suka zaɓa, hujjarsu kuma mai ƙarfi ce: babu makaɗin da ya ratsa kowane rukunin jama'a kamarsa, daga sarki har direba. A rukunin makaɗan jama'a mun bi bayansu. Amma in aka matsa mana mu ɗaga waƙa ɗaya tak, Bakandamiyar Narambaɗa za mu ɗaga. Fiye da shekara 60 ke nan da rasuwarsa, sarkin da ya yi wa ita ya rasu, ɗaukar ba ta da kyau, karin harshen yana wahalar da Bakano, duk da haka ana nemanta, ana kuma tsinto maganganu daga cikinta a yi hujja da su a zance. Ta ci jarrabawar ɗorewa ba tare da taimakon na'ura ba. Mun san masoya Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi da suke cikin wannan zaure ba za su bar mu mu sauka lafiya ba, kuma gardamar tasu muke nema.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa jerin fitattun faya-fayan rok ya taso ne daga tarihin dogon faifai da ɗakin ɗaukar murya, kuma ko a gidansa yana sauyawa in masu zaɓe suka sauya. Mun nuna cewa a waƙar baka ta Hausa faifai shaidar zama ɗaya ce, ita kuwa waƙar tana tare da mai ita, shi ya sa Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mun kuma nuna cewa ma'aunin faifai yana aiki ga irin su Ɗan Maraya da mawaƙan zamani, yana tauye irin su Narambaɗa da Barmani, yana kuma shafe makaɗan karkara baki ɗaya.

Da muka koma aji mun gaya wa ɗalibinmu cewa tambayarsa tana da kyau, sai dai a cire kalmar faifai a sa bakandamiya. Mun kuma ba shi aiki: ya riƙe Bakandamiyoyin Shata ukun nan da suke wayarsa ya rubuta mana inda suka haɗu da inda suka rabu, sa'an nan in ya je hutu ya nemi makaɗi mafi tsufa a garinsu ya tambaye shi wa ya fi kowa a zamaninsa. Muna roƙon 'yan'uwa malamai da suke koyar da adabin baka a sauran kwalejoji su gwada irin wannan aiki a yankunansu, domin a zama na gaba mu haɗa abin da muka samo mu kwatanta.